Ɗalibai da na'ura a gonakinmu: me suke aunawa, kuma wa zai ci moriyar aikin?

  

Akwai tambayar da masu saurare ke yawan yi mana. Ana ganin samari da 'yan mata, jaka a baya, salula ko wata 'yar na'ura a hannu, suna zagaya gona, suna ɗaura igiyar awo a jikin gawo, suna rubutu. Wani ya ce gwamnati ce za ta karɓe gonaki. Wani ya ce haraji za a aza wa itatuwa. Wani kuma ya ce taimako ne ke tafe, a yi maza a ba da suna. To, da yawa daga cikin waɗannan yara ɗalibai ne, karatu ya kawo su. Ba dukansu ba, don ma'aikatan gandun daji da na furoje su ma suna riƙe irin wannan na'ura, shi ya sa tambayar baƙo ko shi wane ne ba rashin kunya ba ce. Yau dai kan ɗaliban za mu tsaya.

Daga ina suke?

Tun 2010 Maradi ke da jami'arta, wadda ke ɗauke da sunan Dan Dicko Dankoulodo, tsohon ministan ilimi na ƙasarmu. A cikinta akwai tsangayar koyon aikin gona da kimiyyar muhalli. Yaron da ya ci jarrabawar bak ya shiga can, shekara 3 zai yi kafin ya samu digirin farko, wato lisansi. Wasu kuma daga jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai suke zuwa, ko daga makarantar Kollo mai horar da malaman gona. A Yamai ɗin kuma akwai cibiyar AGRHYMET, wadda ƙasashen Sahel suka kafa a 1974 bayan babban farin da aka sha, tana horar da masana yanayi da ruwa, tana kuma bin damina da hotunan tauraron ɗan'adam.

Karatun muhalli ba ya ƙarewa a aji. Ana iya koya wa yaro sunan gawo da Faransanci da Latinanci, ya haddace, ya ci jarrabawa, amma in bai taɓa tsayawa cikin gona ya ga yadda hatsin da ke gindin gawo ya fi na nesa da shi kauri ba, da sauransa. Saboda haka ake turo su ƙauye. Kayan aikinsu kuwa uku ne manya: na'urar GPS, hoton tauraro, da igiyar awo.

Yadda na'urar ke sanin inda ka tsaya

A sama, wajen kilomita 20,000 daga ƙasa, akwai taurarin GPS fiye da 24 suna zagaya duniya, kowane yana aiko da saƙo ba dare ba rana. Na'urar da ke hannun ɗalibi saurare kawai take yi. In ta ji saƙon taurari 4 ko fiye, sai ta lissafta tsawon lokacin da kowane saƙo ya ɗauka kafin ya iso, daga nan ta fitar da lambobi biyu. Waɗannan lambobi su ne adireshin wurin da mutum ya tsaya, kuma babu wani wuri a duniya mai irinsu. Ba ta buƙatar kati, ba ta buƙatar intanet. Ko a dajin da ba a samun layin waya tana aiki, muddin sama a buɗe take. Yawancin manyan salula na yanzu suna da ita a ciki.

In ɗalibi ya bi gefen gona ya zagayo har inda ya fara, na'urar za ta zana siffar gonar ta faɗi girmanta da hekta. Hekta ɗaya ita ce fili mai mita 100 a tsaye, mita 100 a kwance.

Sai dai ku riƙe wannan, don za mu komo kanta: salula takan yi kuskuren mita 3 zuwa 5, wani lokaci fiye. Ga wanda ke zana taswirar kwamin gaba ɗaya, mita 5 ba kome ba ce. Ga maƙwabta biyu da ke jayayya kan iyaka, mita 5 kunya nawa ce ta hatsi?

Hoton da ake ɗauka daga sama

Amurka ta harba tauraron Landsat na farko a 1972, kuma tun lokacin ake ɗaukar hoton ƙasarmu ana ajiyewa. A da sayen hotunan ake yi da tsada, sai a 2008 aka buɗe su kyauta ga kowa. Turai ma ta harba nata, Sentinel-2, a 2015, wanda ke komowa kan wuri ɗaya kusan kowane kwana 5, shi ma kyauta. Wannan ne ya sauya karatun. Aikin da a da sai babban masani mai kuɗin furoje, yau ɗalibin shekara ta uku a Maradi yana iya yinsa da kwamfuta da wata manhaja ta kyauta mai suna QGIS. Ya ɗora hoton Gulbin Maradi na shekarun 1980 kan na bana, ya ga inda fadama ta tsuke, inda gari ya ci gonaki, inda gonaki suka ci makiyaya.

Mu mutanen jihar Maradi muna da dalilin girmama wannan fasaha, don ita ce ta ba da shaida a kanmu lokacin da duniya ke ganin ƙasarmu ta zama hamada. Dattawa sun tuna yunwar 1984, wadda a nan ake kira El Buhari. A lokacin gonaki fayau suke, manomin kirki shi ne wanda ya share gonarsa tas, iska kuma ta binne shuka sau biyu sau uku. A waɗannan shekaru ne wani ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, da ke aiki da mishan ta SIM a Maradi, ya lura cewa kututturan da ake sarewa kowace shekara ba su mutu ba, saiwarsu na raye a ƙasa. In aka zaɓi tofo biyu ko uku masu ƙarfi aka bar su, aka rage sauran, sai su zama icce. Abin da muke kira sassaben zamani ke nan. Manoma suka ɗauka, suka gyara shi daidai da gonakinsu, maƙwabci ya koya wa maƙwabci. A wasu wurare, kamar kudancin Damagaram, mutane da kansu suka riƙa rainon gawo ba tare da wani ya zo ya ce su yi ba. A yankin Agye, garin Dan Saga ya yi suna saboda kwamitin tsaron itatuwa da mutanen garin suka kafa, da mata da makiyaya a ciki, kuma furojen PPILDA na asusun FIDA ya dafa musu.

Shekara kusan 20 ana wannan aiki, amma ba wanda ya san iyakar girmansa. Sai a tsakiyar shekarun 2000 wani masanin taswira Ba'amurke, Gray Tappan, tare da Chris Reij ɗan ƙasar Holan da masana 'yan Nijar irin su Mahamane Larwanou, suka gwama hotunan jirgin sama na 1975 da sabbin hotuna, suka kuma bi ƙauyuka da ƙafa. Lissafinsu ya nuna wajen hekta miliyan 5 sun farfaɗo a kudancin Nijar, da itatuwa kimanin miliyan 200. Ba gwamnati ta dasa su ba. Manoma ne suka raine su, irin ku da ke karanta wannan.

Abin da tauraro ba ya gani

To me ya sa aka daɗe ba a gani ba, alhali tauraro na wucewa kullum? Nan ne darasin da ya fi kowane amfani ga ɗalibi.

Hoton tauraro ɗigo-ɗigo ne aka jera. A hoton Landsat, ɗigo ɗaya fili ne mai mita 30 kowane gefe. A na Sentinel-2, mita 10. Duk abin da ke cikin wannan fili, da yashi da kara da ɗan kalgo da akuyar da ke kwance, launi ɗaya ake haɗa su a ba su. Ɗan iccen da aka raina shekara biyu, wanda inuwarsa ba ta wuce tabarma ba, ɓacewa yake yi a ciki. Itatuwanmu kuma ba a cunkushe suke kamar na kurmi ba, ɗaiɗai suke cikin gona. Shi ya sa taswirorin dazuzzuka na duniya suka daɗe suna nuna yankinmu kamar ba icce. Sai a 2020 wasu masana ƙarƙashin jagorancin jami'ar Kopanhagan ta ƙasar Danmak suka yi amfani da hotuna masu kaifi ƙwarai da kwamfuta mai koyon gane siffa, suka ƙirga itatuwa fiye da biliyan 1.8 a yammacin Sahara da Sahel, wuraren da ake ɗauka kusan babu kome.

Ko hoton ya yi kaifi, akwai abin da sai ɗan gari. Ɗauki gawo. Kowane yaro a Gidan Sori ya san gawo da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore shar. Ɗalibin da ya ɗauko hoton watan Agusta don ƙirga itatuwa, koren hatsi da wake zai gani, gawo kuwa a tuɓe yake. In yana son gawo, sai ya nemi hoton rani, bayan an kwashe amfani. Ko kuma ɗauki garmani, ciyawar nan da ta mamaye burtali da makiyaya a Agye da Gazawa da nan wajenmu. Daga sama kore ce kyakkyawa, kwamfuta za ta ce makiyaya ta yi albarka. Tambayi Bafulatani, zai gaya maka shanunsa ba su damu da ita ba, kuma ta kashe ciyawar kirki da ke wurin. A Gulbin Kaba, tauraro zai nuna kore, amma ba zai bambanta goruba mai tsawo mai 'ya'ya da kabar da ake yanka tun tana ƙasa ba a bar ta ta tashi ba. Matan da ke saƙar tabarma su suka san wannan.

A ganinmu, malamin da ya bar ɗalibi ya zana taswirar ƙauye daga cikin aji, bai tura shi ya taka wurin ba, ya rage shi. Taswira za ta fito da launuka masu ban sha'awa, a ba shi maki, amma wata rana shi ne zai zama ma'aikacin da zai yanke shawara kan makiyayarmu da irin wannan takarda.

Aikin igiya da littafi

Ga abin da kuke gani suna yi. Sukan fara daga bakin gari su miƙe ta gabas, yamma, kudu da arewa, suna tsayawa bayan kowane 'yan ɗaruruwan mita. A kowane zango sai su ja igiya su keɓe fili, galibi mita 50 kowane gefe a cikin gona, wato rubu'in hekta. Su ɗauki lambar GPS ta wurin. Sannan su bi kowane icce: sunansa, tsawonsa, faɗin inuwarsa, da kaurin jikinsa a daidai ƙirjin mutum, mita 1 da santimita 30 daga ƙasa. Su ƙirga tofo da kututture. A ce misali sun samu icce 12 a wannan fili, to hekta tana da 48 ke nan. In suka yi haka a wurare da yawa, sai a san gonakin garin icce nawa suke ɗauke da shi, wane iri ya fi yawa, wane iri ke ƙarewa. In garin duk manyan gawo ne tsofaffi babu ƙanana, lissafin zai nuna, kuma wannan gargaɗi ne tun da sauran lokaci.

Amfanin lambar GPS shi ne, bayan shekara 5 ko 10 wani ɗalibi yana iya komowa daidai wurin ya sake awo. Da haka ake gane ko gaba ake yi ko baya. Yanzu ma da yawa ba sa rubutu a takarda, cikin salula suke cikawa da manhajoji irin su KoboCollect, da hoto da lambar wuri a haɗe.

Nan ne kuke shigowa. Yaron da ya tashi a birni yana iya kasa bambanta tofon sabara da na wani abu, ko ya rasa sunan iccen da ya gani. Dattijon da ya ce masa wannan aduwa ce, wannan magarya, can da akwai kuka ta faɗi shekarar kaza, malami ne a wannan ranar, ko bai taɓa shiga lakwal ba.

Ruwan sama da ruwan sha

Ba itatuwa kaɗai ake aunawa ba. Yankinmu yakan samu ruwan sama tsakanin milimita 400 da 600 a shekara, kuma milimita ɗaya tana nufin lita ɗaya a kan fili mai mita ɗaya kowane gefe. Tauraro yana ƙiyasta ruwa ta hanyar duba sanyin saman gajimare, amma kun san halin daminarmu: a yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a wannan gari, na gaba da shi ko ɗigo. Ma'aunin ruwa da aka kafa a gari, da mutum mai amana da ke karanta shi kowace safiya, shi ke gyara ƙiyasin tauraro.

Maganar ruwan sha kuwa, mu a wannan yanki ba sai an yi mana dogon bayani ba. Mutanen Tibiri sun san abin da ya faru da ruwan famfon da aka fara sha a tsakiyar shekarun 1980. Sinadarin fulorayid ya yi masa yawa, aka yi shekaru ana sha, yara masu ɗimbin yawa haƙoransu suka rine, ƙasusuwan wasu suka lanƙwashe, kafin maganar ta fito fili wajen shekarar 2000. Hukumar lafiya ta duniya ta ce kada fulorayid ya wuce miligiram 1.5 a lita. Ruwan garau yake a ido, ba wari, ba ɗanɗano, sai awo ke tona shi. Ɗalibin da aka koya wa ɗibar ruwan kowace rijiya, ya auna, ya sa ta a taswira da lambarta da zurfinta, aikin da yake koyo ke nan. Don haka in kun ga yarinya da kwalabe a bakin rijiya, ku taimaka mata da guga.

Maganar gona da iyaka

Mu komo kan tsoron da ya fi damun mutane. Awon da ɗalibi ya yi ba takardar mallaka ba ce. Ba ya ba wani gona, ba ya hana wani. A ƙasarmu, tun dokar karkara ta 1993, maganar filaye tana hannun sarakunan gargajiya da kwamitocin filaye da ake kira Kofo, na gari, na kwamin da na gunduma. Su ke ba da takardar saye, ta gado, ta aro ko ta jingina, a gaban shaidu. Kun kuma ji kuskuren da salula ke yi. Saboda haka kada wani ya zo muku da zane a waya ya ce na'ura ta nuna iyakarsa ta shigo gonarku. Gambar da kakanni suka dasa a kan iyaka, da shaidar maƙwabta da mai gari, ba a ture su da salula.

Haka maganar icce. A watan Yuli na 2020 gwamnati ta fitar da doka kan sassaben zamani, wadda ta amince cewa manomin da ya raini icce a gonarsa shi ke da haƙƙin cin moriyarsa. Ƙirga itatuwanka ba hanyar ƙwace su ba ce.

Amma ba za mu ce muku taswira ba ta da haɗari ba. Takarda ce mai ƙarfi, kuma wanda ba a sa shi ciki ba kamar babu shi. In an zana gonaki aka manta burtali da mashaya, makiyayi ya ɓace. In an tambayi masu gida kaɗai, gayaunar mata ta ɓace, da wuraren da suke samun icen girki da ganyen miya. Tun 2019 kuma gundumar Gidan Rumji ta karɓi dubban 'yan uwanmu da suka gudo daga Sakkwato, Zamfara da Katsina, buƙatar ice da ruwa da fili ta ƙaru. Taswirar da aka yi da kowa a zaune za ta taimaka a raba abin da ake da shi. Wadda aka yi da mutum biyu a zaure tana iya zama mafarin rigima.

Su ma ɗaliban suna da nasu wahalhalu. Kwamfuta tsada, intanet tsada, wuta ta ɗauke ana tsakiyar saukar da hoto. Kuɗin mota zuwa ƙauye sau da yawa daga aljihun iyaye yake fitowa. Rashin tsaro a garuruwan bakin iyaka ya sa akwai wuraren da malami ba zai yarda ya tura yaro ba, kuma su ne wuraren da suka fi buƙatar a san halin da suke ciki. Jirgin nan marar matuƙi mai ɗaukar hoto kuwa, ba a tashinsa sai da izinin hukuma.

Abin da muke ba da shawara shi ne, in ɗalibi ya zo, ya fara da gidan mai gari, ya nuna takardar makarantarsa, ya faɗi da Hausa abin da zai auna da dalili. Ku kuma ku tambaye shi abu ɗaya: in ka gama, za ka komo ka gaya mana abin da ka samu? Kundin da ɗalibai ke rubutawa da Faransanci yake, yakan ƙare a kan kanta a jami'a, garin da aka yi aikin a cikinsa bai ji kome ba. Taswira ɗaya da aka buga aka bar wa mai gari ko ofishin magajin gari, da sunayen wurare yadda muke kiransu, ba ta fi ƙarfin kowa ba. Mu a nan gidan rediyo ƙofarmu a buɗe take ga ɗalibi ko malamin da ke son ya bayyana sakamakonsa da Hausa.

Ku kuma na nesa, in kun buɗe Google Earth kuna iya ganin garinku, har ku gane gidanku da gawon gonarku. Ku duba ranar da aka ɗauki hoton tukuna, don wani ya shekara biyu ko uku, kada ku kira gida da faɗa kan iccen da kuka ga babu ko rumbun da kuka ga an matsar. In kuma kuna da ƙane ko ɗiya da ke wannan karatu kuna tunanin abin da za ku aiko, kwamfutar hannu ko da ta hannu ce, mai batir mai riƙe wuta, ta fi sabuwar salula mai tsada amfani gare su, don salula tana ɗaukar lambar wuri, amma haɗa taswira sai da kwamfuta.